Garwashin Ilupeju

Duk Alhamis nakan sauka Ilupeju
da jarka biyu ta man shanu daga Agege,
suyar Inna Dudu, ba haɗi, ba algus.
Mutanen gidan nan ba a tuwo suke zubawa ba.
Wuta suke ciyarwa.

Ranar farko na ce a raina, kai, asara!
Man da zai ishi unguwa guda ranar suna,
ga wani siririn mutum wai shi Shiridar,
ƙirji a buɗe, zare ya ratsa kafaɗa,
yana ɗiba da dogon cokalin itace
yana tsiyayawa a rami mai kusurwa huɗu.
Duk tsiyaya ɗaya jama'a su amsa, suwaha,
wutar ta miƙe tsaye kamar an kira sunanta.

Can ciki hoton waliyyinsu,
tsoho a zaune, ƙafa ba takalmi, wuya ya sha furanni,
kallonsa irin na mai bin bashin da ba ya gaggawa.
Sun ce shekara goma sha tara
garwashin nan bai taɓa mutuwa ba.

Ni dai nawa ciniki.
In ajiye, in ƙirga,
in yi la'asar a gefen janareta, in kama danfo.

Sai ran da sama ta tsage.
Ruwan Legas ba ya sallama.
Kwata ta amayar da duk abin da ta haɗiye,
aka ɗauke wuta, ta waya nake nufi,
takalman da aka jera a bakin ƙofa
suka kama hanya ba tare da masu su ba.
Saura taƙi ɗaya ruwa ya leƙa ramin.

Shiridar ya dube ni.
Ba Hausa, ba Turanci, ido kawai.
Akwai kwanon birkila a bayan tanki.
Shi da shebur, ni da jiƙaƙƙen buhu a hannu,
muka kwashe abin da suka shekara suna reno,
na ɗauka, na nufi bene.

A mataki na bakwai tsohuwa Basanti,
wadda teku ya riƙe wa ɗa tun bara,
ta zube a gwiwa tana nuna hayaƙi.
Daga baya aka ce min
wai tsohon hoton ta gani tsaye a ciki,
ya ɗaga mata tafin hannu.

Ni ban ga kowa ba.
Ba zan yi wa Allah ƙarya ba.
Abin da na sani, ƙamshin ya sauya,
bene ya ɓace, ina madafin gidanmu a Rano,
uwata na binne garwashi cikin toka
don 'yar maƙwabta da za ta zo da tsingaro da asuba.
Shekara goma sha ɗaya da muka rufe ta,
amma na ji ɗan tarin nan nata,
na ji ta ce, Haladu, riƙe da kyau.

Na riƙe.
Buhun ya bushe, babban yatsana ya gasu,
na riƙe har sama.

Da ƙura ta lafa Basanti ta lakato toka
ta nufi goshina.
Na dafa ƙirji, na ja baya kaɗan.
Ta yi murmushi, ta shafa a nata,
ta koma ta kawo min maganin ƙuna
da kwali busasshe, na yi isha a kai
can a kusurwa, su suna nasu a ɗaya kusurwar,
ruwa na dukan kwano ɗaya a kanmu.

Har yau ina kai musu.
Ban tambaye su me wuta ke yi da mai ba,
ba su tambaye ni me na ji ba.
Tabon yana nan, fari, kamar ƙwayar gyaɗa.
Sau biyar a rana ruwan alwala ke bi ta kansa.